Malama Wasila, Wadda Ta Bar Jera Mutane Ta Koma Jera Gonaki

Idan bazara ta kama, gajimare ya fara haɗowa daga gabas, babu mai riga Malama Wasila Abubakar tashi a unguwarsu ta Gusau. Tana idar da sallar asuba za ta ɗora ruwan koko, ta jawo tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, wai nan ne sabis ya fi kamawa, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta da aka ɗaure wa murfi da salatif. Kafin ta taɓa komai sai ta ɗaga kai ta dubi sama. Daga nan ta kira Mansur, direban taraktar ƙungiyar manoma, ta ji ko jiya an yi ruwa a Furfuri, ko a Kwatarkwashi, ko a Magami. Abin da ya gaya mata ta shigar, na'ura ta fitar da jerin gonakin da za a yi wa haro a ranar da washegari, saƙo ya tafi wayar kowane manomi. Sannan ta sha kokonta, ta shirya yara, ta tari Keke Napep zuwa makarantar sakandaren da take koyar da kwamfuta. Haka take yi duk bazara, shekara da shekaru, kuma ba aikin albashi ba ne.

Amma je ka taron godiyar da ƙungiya ke yi da kaka ka sha kallo. A yaba wa shugaba, a yaba wa Mansur, ita kanta taraktar sai an shafa ta ana sa mata albarka, ƙarfe fa. Sunan Wasila kuwa ko a bakin mai addu'ar rufe taro ba ya fitowa. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa yau za a ji abin da baiwar Allah ɗin nan ta yi.

Ƙungiyar ta 'yan uwa ce da surukai da abokan arziki, mutanen garuruwan nan uku, suka haɗa hannu suka sayi tarakta guda. Wanda ya san ƙasar ya san garuruwan ba maƙwabtan juna ba ne. Furfuri tana wajen Bungudu, Kwatarkwashi tana hanyar Tsafe, Magami tana kudu, kuma duk inda za ka sai ka ratsa ta Gusau. Tarakta ba motar haya ba ce, tafiyarta sai haƙuri, ga shi hanyar Magami a 'yan shekarun nan ba a bin ta da yamma. Lokacin haro kuma gajere ne. Daga ruwan farko zuwa sa'ad da damina za ta zauna sosai, abin da aka yi shi ke nan.

Wanda bai san mutanen nan ba zai ɗauka rigimarsu ita ce kowa na son a fara da shi. Ina! Da haka ne ai da sauƙi. Matsalarsu kara ce. Dattawan ƙungiyar uku ne. Akwai Baba Abubakar na Furfuri, mahaifin Wasila. Akwai Malam Haliru na Kwatarkwashi, wanda mahaifinsa ne ya karantar da Baba Abubakar. Sai Alhaji Sabiru na Magami, shugaban ƙungiya, wanda Malam Haliru ke auren 'yarsa, shi Alhaji Sabirun kuma a gidan su Baba Abubakar ya tashi, har gobe Yaya yake ce masa.

To, Mansur zai isa gonar Baba Abubakar, ya sauke farantin haro zai fara, sai dattijon ya ɗaga hannu. "Tahi ka yi wa ɗan malamina tukuna." Mansur ya kama hanya har Kwatarkwashi, Malam Haliru ya tare shi da murmushi. "Ni in riga surukina? Wuce Magami." Ya isa Magami a gajiye, Alhaji Sabiru ya ce, "Yaya Abubakar bai samu ba, ni in samu?" Mansur mutumin Tsafe ne, ba shi da yawan magana, amma ya taɓa cewa a shekarar farko taraktar ta fi nome kwalta a kan gona.

Baba Abubakar ne da kansa ya ce wa 'yarsa, tun da ta yi karatun na'ura, ta tsara musu layi wanda ba zai sa kowa jin kunya ba. Wasila ta karɓa da murna. A jami'a ta koyi wani harshen rubuta manhaja mai suna Haskell, wanda yawancin 'yan ajinsu suka guje shi don tsaurinsa. A irin wannan harshe ba a bin na'ura da umarni ɗaya bayan ɗaya, sai dai ka bayyana mata yadda abu yake, ita ta fitar da amsa. Kuma a cikinsa akwai wani tsarin jera abubuwa da kowa ke tararwa a shirye, sunansa Ord.

Masu sana'ar suna kiran irin wannan tsari aji. Aji a wurinsu alkawari ne: duk nau'in abin da ke son shiga, lamba ce ko suna ko kwanan wata, dole ya iya amsa tambayar da ajin ke yi. Tambayar Ord guda ce. Ga abu biyu, wanne ne gaba? Amsa kuma uku ce, ko wannan, ko wancan, ko kunnen doki. Sai dai akwai sharaɗi. Idan na farko ya riga na biyu, na biyu ya riga na uku, to lalle na farko ya riga na uku. Harshen ba ya tsayawa ya bincika ko ka cika sharaɗin nan. Yarda yake yi da kai.

Wasila ta bi gida gida ta tambayi kowa wanda yake yi wa kara, ta zuba duka a cikin Ord. Inda babu kara tsakanin mutum biyu, wanda ya riga yin rajista ya riga. Na'ura ta karɓa ba musu, ta fitar da layi tsaf. Sai dai layin ba ya zama wuri ɗaya. Yau a ƙara sunan mutum guda, gobe ka ga dattawan nan uku sun juya, kuma duk wanda ya faɗo tsakaninsu sun tafi da shi. Wanda ke kusa da gaba da safe, washegari ya tsinci kansa a ƙarshe.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Inna Rakiya ta Kwatarkwashi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata da gona guda a gindin dutse. Gonar laka ce, baƙa wuluk, tana ba da dawa kamar me, amma duk ruwan da ya zubo daga kan dutse a cikinta yake kwana. Da damina ta zauna, ko mutum sai ya tuɓe takalmi, balle tarakta. Ba a raba gadon gonar ba. Ƙannen mijin sun bar ta a hannunta muddin tana nomawa. A waccan shekarar layi ya yi ta wasa da sunanta har ruwa ya sauko da ƙarfi. Ranar da Mansur ya iso, tayar gaba ta kafe tun a bakin gona, da ƙyar samari suka fitar da ita. Gonar ta kwana ciyawa har kaka.

Da Wasila ta ji, ba ta aika kowa ba, da ƙafarta ta je. Ta tarar da Inna Rakiya a tsakar gida tana sheƙar dawar da maƙwabta suka tara mata. Bayan gaisuwa ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ce na tsara layin nan."

"Na sani, ɗiyata," in ji tsohuwar, ba ta ajiye faifan ba. "Autata Zuwaira ke karanta mini saƙonki. Anka ce gobe, na dama wa direba fura. Gari ya waye anka ce ba gobe ba. Na sake damawa, anka sake ɗagawa. Fura dai ta yi ta tsami, kaji sunka ji daɗinsu." Ta yi 'yar dariya, sannan ta gaya mata sauran. Ƙannen mijin sun zo. Ba mugaye ba ne, amma sun ce ba za su zuba ido gonar ɗan uwansu ta koma saura ba. Idan ta sake kwana ba shuka baɗi, za a raba, abin da zai rage mata da 'ya'yanta kuwa ɗan tsiri ne da ba zai ciyar da su ba.

Wasila ta ji kamar ta nutse. Ta ce, "Inna, baɗi in Allah ya kai mu, za a yi miki haro kafin ruwa ya zauna."

"Kada ki ɗaukar wa damina alkawali."

"Ba damina na ɗaukar wa ba, Inna. Aikina na ɗaukar wa."

Malama Wasila, nan ne aka san ko ke wace ce. Wani da ya ce laifin na'ura ne, ko na dattawa, ko ya ce haka Allah ya so ya kaɗe rigarsa. Ke kuwa kika ce kuskuren a rubutunki yake, kuma sai kin gano shi.

Ta gano shi ne a aji, bayan an tashi ɗalibai. Ta rubuta sunayen dattawan uku a allo, ta ja kibiya daga kowanne zuwa wanda yake yi wa kara. Kibiyar ta tashi daga Baba, ta bi ta Malam Haliru, ta bi ta Alhaji Sabiru, ta dawo kan Baba. Zobe ne, ba shi da kai ba shi da gindi. Ta yi wa Ord alkawarin layi miƙaƙƙe, ta kawo masa da'ira, shi kuma ya yi shiru ya yi ta jefa mutane inda ya ga dama.

Abokan aikinta suka kawo shawara. Wani ya ce ta jera da haruffa ta huta. Ta ce wato Abubakar ya yi ta zama na farko har abada, Rakiya da Zuwaira su yi ta jiran ƙarshe don an raɗa musu suna da harafin baya. Wani ya ce ta bar rajista kawai. Ta ce ai wanda gidansa ke kusa da na sakatare shi zai riƙa cin gaba. Duk hanyar da ta bi, muddin mutane take jerawa, sai ta taka wani. Ana cikin haka ta tuna abin da Mansur ya ce ranar da tarakta ta kafe, cewa da gonar gindin dutse aka fara da ba a yi asara ba, domin na tudu za su iya jira. Ashe tun farko ba mutane ya kamata a jera ba. Tarakta gona take nomawa, kuma ƙasa ba ta da suruki.

Ranin nan gaba ɗaya ba ta huta ba. Duk Asabar mijinta Bashar zai ɗauke ta a mashin su nufi ƙauye. Ta shiga gonar kowane ɗan ƙungiya, ta tona, ta murza ƙasar a hannu, ta tambayi mai gonar inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu. Wannan laka ce, wannan jigawa ce, wannan tana tsakani. Ta tambayi gidan da ke da majiya ƙarfi da gidan da babu. Rana ta ƙona ta har ɗalibanta suka fara tambaya ko lafiya. Bashar yana tuƙi yana mita. "Ni dai malamar kwamfuta na aura, ban san ranar da aka musanya mini da malamar gona ba." Amma ko sau ɗaya bai ce ba za shi ba.

Da ta tattaro abin da take nema, sai ta ajiye Ord gefe ta gina nata ajin, ta sa masa suna Jeri. Ga shi nan, bai fi a rubuta shi a tafin hannu ba:

data Amsa = Gaba | Baya | Daidai | SaiAnZauna

class Jeri a where waZaiFara :: a -> a -> Amsa

Layin farko yana cewa amsoshi huɗu ne, ba uku ba. Na biyu yana cewa duk abin da zai shiga ajin Jeri sai ya iya amsa wa zai fara tsakanin biyu. Sai ta shigar da gona cikin ajin, ta koya mata yadda za ta amsa. A fara duba ƙasa, wadda ba ta iya jira ita ce gaba. In ƙasa ɗaya ce, gidan da ba shi da majiya ƙarfi ya riga. In nan ma an yi daidai kuma akwai kara tsakanin masu gonakin, na'ura ta cire hannunta ta ce sai an zauna. In babu kara, wadda ta fi kusa ta riga.

Wannan karon ba ta yarda da shirun na'ura ba. Ta sa kwamfutar ta ƙirƙiro gonakin ƙarya bila adadin, ta riƙa ɗaukar uku uku tana gwada sharaɗin nan da ya kayar da ita bara. Ai kuwa sai ga wani zoben ya fito, daga wajen kusanci. Wannan gona tana kusa da waccan, waccan tana kusa da ta gaba, amma ta farko da ta ƙarshe ko a mafarki ba su haɗu ba. Ta ciji yatsa, ta koma ta gyara, ta ce daga yau daga wuri ɗaya za a auna nisan kowa, wato inda tarakta ta kwana. Ta sake gwadawa, ta sake, har gwajin ya rasa abin kamawa.

Saura babban aiki, wato mutane. Kafin ruwan farko aka kira taro a wani ajin firamare a Bungudu. Dattawa suka zauna a gaba, Wasila ta raɓe gefe da kwamfutarta. Ba ta fara da na'ura ba. Ta ce, "Iyayena, ku ne kuka san ƙasa. Wace ce ba ta jiran kowa?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, laka. Ta ce in gonaki biyu duk laka ne, ɗaya gidan samari, ɗaya gidan marayu fa? Suka ce wannan ai ba abin tambaya ba ne. Haka ta yi ta jan su har suka faɗi dokar da bakinsu, daidai da yadda ta rubuta ta. Sannan ta karanta layin. Gonar gindin dutse ta Inna Rakiya ce ta farko. Can gaba kaɗan gonar bakin gulbi ta Baba Abubakar. Ta Malam Haliru da ta Alhaji Sabiru, da yake duk jigawa ne, suna ƙasa.

Baba Abubakar ya gyara zama. "Mi kinka ce? Maimaita."

Ta maimaita.

"Wasila, da girmana in shiga gaban ɗan malamina? Wanga injin naki ba ya da kunya, ke ma ba ki da ita?"

Maganar ta soke ta, don tun tana yarinya bai taɓa yi mata irin wannan a gaban mutane ba. Amma ba ta janye ba. "Baba, ban sa ka gaban Malam ba. Gonar bakin gulbi na sa gaban gonar tudu, kuma yanzu da bakinka ka ce haka ya kamata." Sai ta juya ga sauran ta ba su labarin furar Inna Rakiya, da kafewar tarakta, da maganar ƙannen miji. Ta ce kuskuren rubutunta ne ya jefa tsohuwar baya, amma abin da ta zuba a rubutun karar da suke yi wa juna ce. Su suna girmama juna, wadda ke bayansu ce ta kwana da yunwa.

Malam Haliru garinsu ɗaya da Inna Rakiya, kullum yana wuce gonar nan yana ganin ciyawa, bai taɓa kawo wa ransa cewa da hannunsa a ciki ba. Sai ya dubi Baba Abubakar ya ce, "Baba, in ka kori Mansur bana don ni, to ni ka ɓata wa rai, ba girmama ni ka yi ba."

Alhaji Sabiru ya ce, "To, ɗiyar Yaya, kara fa? Shi ke nan kin kashe ta?"

"Tana nan, Alhaji. Ga taka da ta Malam, ƙasa ɗaya ce, na'ura ta ce sai an zauna. Ku yi musanya tsakaninku yadda kuka so, amma a nan, kafin ruwa, ba a bakin gona ba. Kuma gurabenku kaɗai za ku taɓa, na kowa ba zai motsa ba."

Ai kuwa kamar jira suke. Suruki da suruki suka shiga kai fara, a'a kai dai fara, har aka kira la'asar. Jama'a suka yi ta dariya, kowa hankalinsa kwance, don an san duk yadda suka ƙare ba wanda zai rasa damina. Baba Abubakar bai ce ya yarda ba. Da za a watse dai ya ce wa Mansur, in ya zo Furfuri ya biyo ta hanyar gabas, ta fi tauri.

Ruwan farko ya sauka daren wata Juma'a. Da safe saƙo ya tafi, Wasila kuma ta kasa zama a Gusau, ta ce wa Bashar su tafi Kwatarkwashi. Suka tarar Mansur ya iso, injin na ruri a bakin gona. Ga Inna Rakiya tsaye a gaban tarakta da ƙwaryar fura a hannu, ta ƙi matsawa.

"Ɗiyata, na gode, Allah shi yi miki albarka. Amma Malam na cikin garin ga, ba a taɓa gonarshi ba. Ni mace in riga shi? A ce mi? Ku tahi ku yi mishi, in kun ƙare ku dawo."

Rani guda Wasila tana toshe ƙofar dattawa, ba ta taɓa tunanin karar za ta ɓullo daga wajen wadda ake yi domin ta ba. Wannan kuwa ba layin rubutun da zai gyara shi. Ta dubi gabas, gajimare na sake haɗuwa. Ta ga hannun Mansur ya kai kan makulli.

"Malam Mansur, kada ka kashe injin nan," in ji ta. "Ina zuwa."

Ta tattare mayafi ta shiga gari da sauri, ta yi sallama a zauren Malam Haliru, ta gaya masa abin da ake ciki. Bai tambaye ta komai ba, ya ɗauki sandarsa ya biyo ta. Da suka iso ya tsaya a kan kunyar bakin gona, ya gaishe da tsohuwar, ya ce, "Rakiya, ba ke kinka riga ni ba. Lakarki ta riga yashina, kuma ni na sa hannu a kan haka. Matsa ki ba yaro hanya. Ba ni barin wurin ga sai na ga ya shiga."

Inna Rakiya ta dube shi, ta dubi Wasila, ta ja da baya. Mansur ya sauke faranti. Baƙar ƙasar nan ta fara juyewa tana ƙamshi, tsohuwar ta sa bakin mayafi tana share ido. Da ya kai ƙarshen gona ya juyo, ta miƙa masa ƙwaryar, ya shanye a kan tarakta. Ba a yi mako ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, amma ya tarar dawa ta riga ta shiga ƙasa. Da kaka ƙannen mijin suka zo suka ga rumbu, suka sa albarka, ba su sake tayar da maganar rabo ba.

Tun daga wannan shekarar, ajin Jeri yake aiki. Da masu injin casa na Tsafe suka ji labari suka zo, Wasila ba ta sake gini daga tushe ba. Ta shigar da tarin amfanin gona cikin ajin, ta koya masa tasa amsar, wanda ke fili ya riga wanda ke rumfa. Da makiyayan gefen Bungudu suka nemi layin allurar shanu, ta je rugagensu ta zauna da su, suka gaya mata garken da ya fi gaggawa, ta ƙara 'yan layuka. Tambaya ɗaya ce, kowane abu da irin amsarsa, kuma a ko'ina ta bar wa mutane gurbinsu na sai an zauna.

Malama Wasila, ke ce kika ga kuskurenki kika bi shi har gindin dutse. Ke ce kika tsaya gaban mahaifinki, ba ki yi rashin kunya ba, ba ki kuma ja da baya ba. Ke ce kika koya wa na'ura inda za ta yi magana da inda za ta kama bakinta. Mai jera gonaki, 'yar Abubakar ta Furfuri, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Bashar haƙuri da man mashin, ya kawo miki sabuwar kwamfuta ki huta da salatif.

Ku kuma samari da 'yan matanmu masu koyon rubuta manhaja, a Gusau kuke ko a Tsafe ko a Bungudu, ga abin koyi a ƙofar gidanku. Idan tsarin da kuka tarar bai dace da mutanenku ba, kada ku danne mutanen don su shiga, ku gina naku. Amma kafin ku rubuta layi ɗaya ku je ku murza ƙasar da hannunku, kuma kada shirun na'ura ya ruɗe ku. 'Yan ƙungiya kuma, in kaka ta zo kuka tashi shafa tarakta, ku tuna da wadda ke gaya mata inda za ta.

Bana ma ruwan farko ya sauka, kuma gonar gindin dutse tana nan a hannun mai ita. Inna Rakiya har yau ba ta san sunan harshen da aka yi aikin da shi ba, ba ta kuma nema ba. Abin da ta sani shi ne, idan Zuwaira ta karanta mata saƙo aka ce gobe, sau ɗaya take dama fura, kuma a ranar Mansur ke shanye ta.